Huhu Ya Yarda, Ƙashi Bai Yarda Ba: Yaushe Sabon Mai Gudu Zai Fara Shirin Fanfalaki?

Akwai wani mataki da kusan duk wanda ya fara gudu yake kaiwa, wajen wata na biyu ko na uku. Hakin da ke tsayar da shi bayan minti biyar ya ɓace. Yana iya cin kilomita biyar ya dawo gida da sauran ƙarfinsa. Barci ya gyaru, jiki ya yi sakayau, sai zuciya ta fara raya masa cewa tun da abin ya zo da sauƙi haka, me zai hana ya yi rajistar gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani? A wannan gaɓar ce mutane da yawa ke jin rauni, kuma abin da ya fi damuna shi ne yawancinsu masu himma ne, himmar ce ma ta kai su ga ciwon.

Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195. Da aka fara shi a gasar Olamfik ta Atina a 1896, kimanin kilomita 40 ne. A gasar Landan ta 1908 aka yi tsawon da muka sani yanzu, sannan a 1921 aka tsayar da shi ya zama ƙa'ida. A 2023, ɗan ƙasar Kenya Kelvin Kiptum ya cinye wannan tazara a Shikago cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Amma mutum gama-gari da ke yin nasa na farko yakan ɗauki awa huɗu zuwa biyar, wani ma shida. A lura da abin da wannan ke nufi. Gwanin ya gama, ya huta, ya sauya kaya, sabon shiga yana nan a kan titi ƙafarsa na dukan kwalta. Wanda jikinsa ya fi ƙarancin shiri shi ne ya fi daɗewa yana shan wahalar.

Duk da haka, ni a ganina ranar gasar ce ƙaramar matsala. Babbar matsalar tana cikin watannin da suka gabace ta. Tsare-tsaren atisayen da masu horarwa ke rubutawa galibi na mako 16 zuwa 20 ne, kuma ko waɗanda aka rubuta domin sababbi ba daga sifiri suke farawa ba. Makon farko yakan buƙaci kusan kilomita 25, a cikinsu da doguwar fita ɗaya mai kusan kilomita 10. Daga nan nauyin ke hawa har ya kai kilomita 55 zuwa 65 a mako, doguwar fitar ta kai 30 ko 32, kafin a sassauta a makonni biyu ko uku na ƙarshe domin jiki ya farfaɗo. Wanda ya rubuta tsarin ya ɗauka cewa makon farkon nan abu ne da ka riga ka saba da shi. Idan shi ne mako mafi nauyi da ka taɓa yi a rayuwarka, to ka fara hawan dutse daga inda ƙarfinka ya ƙare. Saboda haka tambayar da ta dace mutum ya yi wa kansa ita ce: jikina zai iya ɗaukar wata huɗu na nauyi mai ƙaruwa ba tare da wani sashe ya balle ba?

Amsar tana tattare da yadda sassan jiki ke sabawa da aiki, domin ba tare suke tafiya ba. Zuciya da jini su ne masu saurin koyo. Cikin 'yan makonni ruwan jini yana ƙaruwa, zuciya na tura jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini na yaɗuwa cikin tsoka, tsokar kuma tana koyon amfani da iskar da aka kawo mata. Shi ya sa hakin ke raguwa da wuri. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa, irin su agara da ke bayan diddige, ba su samun jini sosai kamar tsoka, don haka ƙarfafarsu aikin watanni ne. Ƙashi ya fi kowa jan ƙafa, kuma yadda yake ƙarfafa yana da wani sirri da ya kamata kowane mai gudu ya sani. Idan aka ɗora masa sabon nauyi, jiki yakan fara da rushe wuraren da suka gaji, sannan daga baya ya cike gurbin da sabon ƙashi mai ƙarfi. Rushewar na gaba, ginin na biye, kuma zagayen gaba ɗaya yana cin watanni. A tsakanin biyun akwai lokacin da ƙashin ya fi yadda yake a da rauni. Idan a wannan tsakani ne mai gudu ya ninka nisan da yake ci saboda numfashinsa ya gyaru, ƙananan tsagogi sukan taru su zama tsagewar ƙashi, mafi yawa a ƙwauri ko a ƙasusuwan tafin ƙafa. Wannan tsagewar ba faɗuwa ke kawo ta ba, maimaici ne.

A yi lissafin maimaicin. Kowane taku na gudu yana sauke wa ƙafa nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Idan takun mutum mita ɗaya ne, gudun fanfalaki ɗaya taku dubu 42 ke nan, mako mai kilomita 50 kuma taku dubu 50. Huhu ba ya jin wannan dukan ƙasa. Gwiwa, ƙwauri, agara da tafin ƙafa ne ke ji, kuma ba su cika yin ƙara da wuri ba. Wannan ne ya sa jin daɗin numfashi yake yaudarar sabon mai gudu: abin da yake iya aunawa da kansa ya ce masa ya shirya, abin da ba ya gani kuma yana can baya da watanni.

Daga nan aka samo shawarar da masu horarwa da yawa suka haɗu a kanta, cewa mutum ya yi gudu a kai a kai na aƙalla wata shida kafin ya shiga tsarin fanfalaki, shekara guda kuma ta fi. Ni ina tare da masu cewa shekara, musamman ga wanda ya daɗe ba ya motsa jiki kafin ya fara. Amma kalmar da ke da nauyi a nan ita ce “a kai a kai”. Wanda ya yi wata biyu yana gudu, ya bari wata uku, ya sake dawowa, bai yi shekara yana gudu ba ko da kalanda ta ce ya yi. Ƙashi ranakun da aka yi aiki yake ƙirgawa. Fita uku ko huɗu a mako, mako bayan mako, ita ce ke gina abin da ake nema.

Bayan tsawon lokaci sai yawan nisa. Idan mutum ya shafe wata biyu ko uku yana cin kilomita 25 zuwa 35 a mako, kuma wannan ya zama masa abin yau da kullum wanda ba ya kwantar da shi, to yana kan hanya. Doguwar fitarsa ta mako ta kai kilomita 12 zuwa 16. A nan ma ba gama fitar ne ma'auni ba, domin da taurin kai kowa na iya gamawa. Ma'aunin yana zuwa washegari da safe. Ka sauko daga gado ka taka ƙasa lafiya? Ka sauka matakala ba ka riƙe bango ba? Bayan kwana biyu ka iya sake fita ba tare da ɗingishi ba? Jiki magayi ne, kuma safiyar da ta biyo bayan doguwar fita ita ce lokacin da ya fi faɗin gaskiya.

Akwai kuma abin da sababbi suka fi raina wa, wato iya gudu a hankali. Mafi yawan atisayen fanfalaki, kusan kashi huɗu cikin biyar, ana yin sa ne da saurin da mutum zai iya magana da na kusa da shi cikin cikakkiyar jimla ba tare da numfashi ya yanke ba. Sabon mai gudu yakan mayar da kowace fita jarrabawa, yana son agogo ya nuna masa ya fi jiya. Da wannan hali ana iya rayuwa a kilomita 15 a mako. A kilomita 50 ba za a iya ba, domin gajiyar yau za ta haɗu da ta gobe, jiki ya rasa ranar gyara. Wanda bai koyi danne zuciyarsa ya yi sassarfa mai sauƙi ba, ko da wasu na wuce shi a hanya, akwai darasin da ya rage masa kafin ya taɓa tsarin mako 16.

Ina ba da shawara sosai mutum ya fara yin rabin fanfalaki, wato kilomita 21 da ɗan ɗoriya. Ba doka ba ce, kuma akwai waɗanda suka tsallake shi suka gama cikakken lafiya. Amma abin da yake koyarwa ba ya samuwa a atisaye. A nan ne mutum zai ga yadda cunkoson jama'a da ɗoki ke sa shi tashi da saurin da ya fi ƙarfinsa, yadda ake shan ruwa ana gudu, inda takalmi ke cin ƙafa, inda riga ke goge fata har ta yi jini. Gara a gano waɗannan a tazarar da kuskure ba ya tsada sosai. Sai dai kar wanda ya gama rabin ya ɗauka cewa cikakken ninki biyu ne kawai na wahalar da ya sha. Akwai abin da ke jira bayan kilomita 30 wanda rabin ba ya kaiwa gare shi.

Masu gudu na kiran abin da suna bango. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin, kuma abin da ma'ajiyar ke ɗauka bai wuce kimanin kalori 2,000 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci). Gudu kuwa yana cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 70 zai buƙaci kusan kalori 2,950 kafin ya kai ƙarshe. Kitse yana cike wani ɓangare na giɓin, amma kitse a hankali yake ƙonewa, ba ya iya riƙe sauri shi kaɗai. Idan sukarin ya yi ƙasa, yawanci tsakanin kilomita 30 da 35, ƙafafu sukan yi nauyi kamar an ɗaura musu duwatsu, tunani ya dushe, saurin ya faɗi warwas. Dogayen fita na watanni su ne ke koya wa jiki ƙona kitse da yawa domin ya tattala sukarinsa, su ne kuma ke koya wa ciki karɓar abinci ana cikin gudu, domin shawarar da aka saba bayarwa ita ce a riƙa shigar da giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Cikin da bai saba ba yakan mayar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan sabo ba ya samuwa cikin makonni kaɗan.

Game da yadda za a ƙara nisa, kusan kowa ya taɓa jin dokar kashi 10, wato kar nisan wannan mako ya wuce na makon jiya da fiye da kashi 10 cikin 100. Tana da amfani a matsayin birki, amma kar a ɗauke ta laya. Wani bincike da aka wallafa a 2008, wanda aka yi a ƙasar Holan kan sababbin masu gudu sama da 500, ya kwatanta waɗanda suka bi tsari mai hawa a hankali bisa wannan doka da waɗanda suka bi tsari na yau da kullum, kuma kusan ɗaya cikin biyar ne ya ji rauni a kowane ɓangare. Abin da na fahimta daga wannan shi ne lamba ɗaya ba za ta dace da kowane jiki ba. Abin da ya fi tabbata shi ne tsalle mai girma yana da haɗari, kamar mutum ya tashi daga doguwar fita ta kilomita 10 ya faɗa 18 a mako guda don ya cimma jadawali, kuma sassauta nauyi a kowane mako na uku ko na huɗu yana ba ƙashi da jijiya damar cimma zuciya.

Sai batun ciwo, inda sababbi suka fi rikicewa. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki mai nauyi, wanda ya bazu a cinyoyi biyu kuma yake sakin mutum idan ya motsa, wannan ba abin tsoro ba ne. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙafa ɗaya, wanda za ka iya nuna shi da ɗan yatsa, wanda ke ƙaruwa yayin da gudun ke tsawo, ko yake sa ka sauya yadda kake taku, wannan wani abu ne daban. Idan a kan ƙashi yake, kuma yana damunka ko kana tafiya kawai ko kana kwance da dare, a dakatar da gudu a nemi likita. Wanda yake ɗauke da irin wannan ciwo a yanzu, komai ƙanƙantarsa, bai shirya shiga tsarin fanfalaki ba, domin tsarin zai ninka nauyin da ya haifar da ciwon tun farko. Haka ma wanda sai ya sha maganin kashe zafi kafin ya iya fita.

Mutane ba daga wuri ɗaya suke tasowa ba, don haka wata shida ko shekarar nan tana miƙewa tana kuma tsukewa. Wanda ya shafe shekaru yana buga ƙwallon ƙafa ko wani wasa mai gudu da tsalle, ƙashinsa ya san dukan ƙasa, zai iya isa da wuri. Mai tuƙa keke ko mai ninƙaya kuwa ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan, duk da cewa shi ne ya fi jin ya shirya. Zuciyarsa ta gwani ce, amma ƙafarsa ba ta saba da dukan ƙasa ba, sai injin ya fi ƙarfin gangar motar. Mai nauyin jiki sosai da wanda shekarunsa suka ja su ma gara su ƙara wa kansu lokaci. Kuma duk wanda ke rage cin abinci don ya rame a daidai lokacin da yake ƙara nisa, yana hana ƙashi kayan gini. Ga mata akwai alama bayyananniya: idan al'ada ta rikice ko ta ɗauke bayan an ƙara atisaye, kuma ba juna biyu ba ne, sau da yawa jiki ne ke cewa abincin bai kai aikin ba, kuma wannan yanayi yana tafiya da raunin ƙashi. Abin zuwa wurin likita ne, ba abin jurewa ba.

Tsoron da iyalai suka fi yi shi ne na zuciya, kuma ya dace a faɗi girmansa daidai. Wani babban bincike a Amurka ya duba mutum kusan miliyan 11 da suka shiga cikakken fanfalaki ko rabinsa daga 2000 zuwa 2010, ya sami mutum 59 da zuciyarsu ta tsaya, wato kusan ɗaya cikin 184,000. Abin ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yakan kasance akwai wata cuta da ke ɓoye tun da. Saboda haka mai hawan jini, mai ciwon sukari, wanda wani a danginsa ya rasu farat ɗaya yana matashi, ko wanda ya taɓa jin ƙirjinsa ya matse, ko jiri, ko suma a lokacin motsa jiki, ya ga likita kafin ya ƙara ko kilomita ɗaya. Ruwa ma yana da nasa haɗarin ta ɓangaren da ba a zata. A gasar Boston ta 2002, an auna jinin ɗaruruwan masu gudu bayan sun gama, aka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma abin ya fi shafar waɗanda suka sha ruwa fiye da kima da waɗanda suka daɗe a hanya. Sabon shiga yana cikin rukunin biyu a lokaci guda, domin yana tsoron ƙishirwa kuma yana da awanni da yawa na sha. Sanin yawan zufar da kake yi da yawan ruwan da ya ishe ka, musamman a lokacin zafi, shi ma ilimi ne da dogayen fita kaɗai ke bayarwa.

Akwai sashen shiri da ba ya cikin jiki. A tsakiyar tsarin, mai gudu a hankali zai ba da awa shida zuwa takwas a mako ga gudu kawai, doguwar fita ɗaya kuma na iya cin awa uku ko fiye, ta bar shi da gajiyar yini. A ƙara da motsa jiki na ƙarfafa ƙugu da cinya sau biyu a mako, a ƙara da barcin da ya kai awa bakwai, wanda a cikinsa ne gyaran ke gudana. Wanda ke da jariri sabon haihuwa, ko jarrabawa a gaba, ko aikin dare, ƙafarsa na iya shiryawa alhali makonsa bai shirya ba. Ba na ganin wannan a matsayin gazawa. Atisayen da aka ɗora a kan rashin barci ba ya ba da cikakken amfaninsa, kuma ya fi kawo rauni.

Ga wanda ya karanta wannan ya ga bai kai ba, hanyar a buɗe take kuma tana da daɗi. Tsarin da hukumar lafiya ta Birtaniya ke yaɗawa yana kai wanda bai taɓa gudu ba ga minti 30 na gudu cikin mako tara, da fita uku a mako, ana haɗa tafiya da sassarfa. Daga nan a zauna a kilomita biyar har ta zama ruwan sha, a hau goma, a daɗe a can, sannan rabin fanfalaki. Haɗa gudu da tafiya ma ba na masu farawa kaɗai ba ne. Mutane da yawa na gama cikakken fanfalaki da wannan salo, suna gudu na 'yan mintuna su yi tafiya minti ɗaya tun daga farkon gasar, kuma yana rage wa ƙafa duka sosai.

Wanda kuma yake tsakiya, yana ganin kamar ya kai kamar bai kai ba, akwai gwajin da nake ganin ya fi kowane lissafi. Ya ɗauko tsarin da yake niyyar bi, ya dubi makon farko, ya yi wannan makon sau huɗu a jere kafin ya biya kuɗin rajista. Idan a mako na huɗu yana tashi da safe ba tare da wani wuri na ciwo ba, yana barci lafiya, yana jin yunwa yadda ya saba, kuma doguwar fitar ta zama wadda zai iya ƙara kilomita biyu a kanta da an ce ya ƙara, ya zaɓi gasar da ke aƙalla wata biyar a gaba ya shiga tsarin. Idan kuwa a mako na uku ƙwauri ya fara magana, ko ya ga yana neman dalilin tsallake fita saboda gajiya, ya koma ƙasa da wannan nisa kaɗan, ya zauna a can wata biyu, sannan ya sake gwada makonni huɗun.